Idan Ƙanƙara Ta Narke

Idan mace ta rasu a cikin Hausawan Kuala Lumpur, Ɗelu ake kira ta yi mata wanka. Ba mu da yawa a garin, kuma akasarinmu matasa ne, ɗalibai da matansu, saboda haka shekara takan zagayo ba a neme ta ba. Duk da haka jakarta kullum a haɗe take a saman kabad: busasshen ganyen magarya, kafur, auduga, safar hannu, almakashi, da farin yadi da take yankowa a kantunan Indiyawa na cikin gari. Ni ne mijinta, Abdulwahidu, ina koyar da lissafi a wata jami'a da ke unguwar Setapak. 'Ya'yanmu biyu ne, Khaulah da ƙanwarta Afnan. Khaulah ta rasu a kan wani dutse a ƙasar Suwizalan, kuma ba a samu gawarta ba. Abin da zan rubuta a nan labarin uwarta ne.

An haifi Ɗelu a Gwammaja, a Kano, bayan yayye maza huɗu, shi ya sa sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Sana'a biyu ta tashi da su. Ta farko ta mahaifiyarta ce, wadda ke da firiza tana sayar da ƙanƙara, musamman da azumi. Tun tana 'yar firamare Ɗelu ta san yadda ake naɗe ƙanƙara a buhu da garin katako don ta kai la'asar, ta san wadda ta daskare har ciki da wadda cikinta ruwa ne, ta hanyar ƙwanƙwasawa kawai. Ta biyu ta goggonta ce, Daso, wadda ke wanke matan unguwa idan sun rasu. Daso ta fara tafiya da ita riƙon buta bayan an yi mana aure. Daga riƙon buta ta koma riƙon zane, daga nan wata rana hannun Daso ya yi rauni, ta ce mata, "Matso."

Da aka ba ni gurbin karatu a Malesiya, muka taho da Khaulah a goye. Karatu ya ƙare, aiki ya samu, muka zauna. Gidanmu yana can sama a wani dogon bene a Danau Kota. Ɗelu ba ta taɓa zama haka kawai ba. Ta sayi firiza, tana yin zoɓo da kunun aya, ɗalibai suna zuwa har ƙofa su ce a yi musu tapau, wato a ƙulla musu su tafi da shi. Ta koyi Malayanci a kasuwa, da ciniki da faɗa, har ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Ita ce ta gano cewa itacen da mutanen nan ke kira bidara shi ne magaryarmu, kuma su ma da ganyensa suke wanke mamaci. Ranar ta dawo gida tana murna kamar ta haɗu da 'yar garinsu.

Khaulah 'yar fari ce, don haka Ɗelu ba ta kiran sunanta. "Yarinyar nan" take cewa, ko "yayarki" idan da Afnan take magana. Yarinyar nan kuwa tun tana rarrafe take hawa: ƙarfen taga, kan firiza, bayan kujera. A sakandare aka kai su wani wurin motsa jiki inda aka gina bango mai tsawo da 'yan duwatsun roba a jiki, ana ɗaura wa mutum igiya ya hau. Daga ranar ba ta sauko ba. Daga bango ta koma duwatsun da ke bayan Batu Caves, daga nan dutsen Kinabalu a jihar Sabah. Ta gama karatun injiniya, ta samu aiki a Bukit Jalil, duk hutunta da abin da take samu a kan hawa suke tafiya.

"Allah ya kawo mutum garin da kowane gida akwai lifta," in ji Ɗelu, "shi kuma ya ce sai ta bango, kamar ƙadangare."

"Ummi, ke ma fa kin ce kin hau Dala."

"Sau ɗaya, da matakala, kuma da dalili. Baƙi muka raka."

"To ni ma da dalili."

"Mene ne a can saman? Akwai wanda ya ajiye miki wani abu?"

Khaulah takan yi dariya ta kwantar da kai a cinyarta a yi mata kitso. Kafin kowace tafiya uwarta ce ke yi mata, ƙanana, masu kwanciya, don hular kwano ta zauna daidai a kan ɗankwali. Haka aka yi kafin tafiyar ƙarshe.

A farkon Oktoba ne. Sun kai ƙololuwa ita da abokiyar hawanta, suna saukowa, sai wani ɓangare na ƙanƙarar da ke kwance a gangaren ya zame da su. Abokiyar ta tsira da karaya. Khaulah kuwa ya tafi da ita cikin wani tsagi mai zurfi, ya rufe bakin. Masu ceto sun yi iya ƙoƙarinsu har yanayi ya ɓaci, sabuwa ta zubo a kan ta da. Wani mutum mai nutsuwa ya kira ni da Turanci, ya ce sun dakatar da nema, ba za a iya komawa ba sai ƙarshen lokacin zafi na baɗi, idan abin da ya zubo ya narke. Ɗelu na tsaye a gabana, hannunta jiƙe da zoɓo.

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sai idan ƙanƙara ta narke."

A labaran rediyo akan ce dusar ƙanƙara idan ana nufin wadda ke zubowa daga sama kamar gari. Amma a bakinmu, a gida, duk ƙanƙara ce: ta firiza, ta ruwan sama mai fasa kwano, da ta ƙasashen Turawa da daga ni har ita babu wanda ya taɓa takawa. Ɗelu ta goge hannunta a zane. Ta ce, "To. Ai tana narkewa."

Mutane suka cika gidan. Matan ɗalibai suka zo daga Taman Melati, maƙwabciyarmu Comfort, 'yar Jos, ta karɓe kicin ba tare da ta tambayi kowa ba. Ana yi wa Ɗelu gaisuwa tana amsawa, amma ba ta zauna a tabarma ba. Limamin masallacin benenmu ya ce idan muna so za a yi wa Khaulah sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da gawarsa ba ta kusa. A gida ba mu saba da ita ba, amma a nan suna yi. Na kawo mata maganar.

"A yi mata salla ba wanka?" ta ce. "Malam, matan mutane nawa na wanke a garin nan? Wadda ta rasu wajen haihuwa, uwarta na Katsina tana kuka a waya, na ce mata ki kwantar da hankalinki, kamar ke kika yi. Sai tawa ce za a sallata a bar ta da kayan sanyi da takalmi? A ce wa liman ya dakata. Ba gardama nake yi da Allah ba, na san ta rasu. Wanka kawai nake so in yi mata."

Bayan kwana biyu ta ƙara da wata magana. Ta tambaye ni su wane ne masu ceton, maza ne ko mata. Na ce galibi maza ne.

"Su za su ciro ta ke nan. A yadda suka same ta."

"Aikinsu ne, Ɗelu. Suna da mutunci."

"Ban ce ba su da shi ba. Amma ba su san inda ake rufewa ba. Ina so in kasance a wurin da zane a hannuna."

Na yi mata bayanin nisa, da tsawo, da shekarunta, da gwiwarta, da hawan jini. Ta saurare ni har na gama. Washegari ta bar lifta ta hau matakala tun daga ƙasa, da jakar kasuwa a hannu. Na same ta zaune a tsakiyar hanya tana haki, ta ce in wuce, ba da ni take ba.

Wanda ya koya wa Khaulah hawa sunansa Najib, Bamalaye ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, siriri, mai magana a hankali. Ya sha zuwa duwatsun Turai, kuma ya bar yatsun ƙafa biyu a can saboda sanyi. Ya zo mana gaisuwa. Wurinsa Ɗelu ta sa na kai ta. Ta tsaya a gindin bangon da ake hawa, ta ɗaga kai ta duba har sama, sannan ta gaya masa abin da take so da Malayancinta na kasuwa. Ta rufe da kalma ɗaya: "Boleh?" Wato, zai yiwu?

Najib ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Mutanen nan kamar mu suke, ba sa iya ce wa babba a'a a fuskarsa, balle uwar da ke cikin makoki. Ya ce, "Belum, Makcik." Tukuna, Inna.

Ɗelu ta ɗauki tukuna a matsayin alkawari. Duk Asabar da safe muna can. Wata ma'aikaciyar wurin ce ke ɗaura mata ɗamarar da ke kama ƙugu da cinyoyi, a kan dogon wando da riga har gwiwa, ta cusa mata hijabi a wuya don kada ya shiga igiya. Matasa suka saba da ita. Suna kiranta Makcik Zobo, don ba ta zuwa hannu sake.

Darasin farko ƙulli ne. Najib ya nuna mata yadda ake lanƙwasa igiya a mayar da ita ta bi sawun kanta, ƙullin da duk nauyin mutum ke rataye a kansa. Hannunta na da sauri, ta ƙulla nan take. Ya kama bakin igiyar ya ja sau ɗaya, ƙullin ya warware. Ta sake, ya sake ja, ya sake warwarewa.

"Makcik, wa ya koya miki ƙulli? Kyakkyawa ne, amma da ja ɗaya yake kwancewa."

"Haka ake so. Namu na likkafani ne, a cikin kabari ake kwance shi, kuma mai kwancewa a durƙushe yake, wuri ya matse. Ba a wahalar da shi."

Najib ya ɗaga igiyar. Sannan ya ce, "Wannan kuma idan ya kwance, shi ke nan."

Ta ɗauki makonni kafin hannunta ya daina komawa ga wanda ya saba. Da yamma tana zaune a falo da guntun igiya tana ƙullawa tana kwancewa, Afnan na kallonta ta gefen ido. Afnan tana shekarar farko a jami'a lokacin. Tun rasuwar yayarta ba ta son jin ko sunan dutse, kuma ba ta taɓa bin mu ba.

Hawan kansa bai zo da sauƙi ba. Ɗelu tana da ƙarfin hannu, na mai daka da ɗaukar tukunya, amma Najib ya ce ba da hannu ake hawa ba, da ƙafa ne, hannu riƙo kawai yake yi. Gwiwarta ta hagu kuwa ba ta yarda. Takan kai tsayin mutum biyu, ƙafar ta fara rawa, sai ta saki, ta yi lilo a jikin igiya tana juyawa a hankali kamar kayan shanya.

"Sauke ni, ɗan nan, kafin wani ya ɗauke ni hoto ya aika Kano."

"Ki ce a sake miki igiya, yadda na koya miki."

"Na ce ka sauke ni. Wane yare kuma kake so?"

Sai a yi dariya, har da ita. Daga nan mu shiga mota. Ina tuƙi ina jin tana murza gwiwar.

Najib bai taɓa yi mata ƙarya ba, wannan zan shaide shi. Duk lokacin da ta ce "Boleh?" sai ya ce tukuna, ya ƙara mata wani abu daga cikin abin da ya rage. Wata rana ya kawo takalmi mai haƙoran ƙarfe a ƙasa, ya ce da shi ake taka ƙanƙara, kuma sai mutum ya koyi tafiya da ƙafafu a buɗe, in ba haka ba haƙorin ya kama wandonsa ya kifa. Wata rana ya kawo ɗan gatari mai baki kamar na tsuntsu, ya kwanta a ƙasa ya nuna yadda mutum zai juya ya kafa shi da ƙirjinsa idan ya zame, kafin gudu ya ƙwace masa. Ya ce wannan ba a koyonsa a Kuala Lumpur, sai a kan ƙanƙarar kanta, a faɗi sau da yawa a inda faɗuwa ba ta kisa. Ya ce a can sama iska ba ta ƙosar da huhu, mutum ya yi taku kaɗan sai ya tsaya, kansa na sarawa, abinci ya ƙi shiga, wani ma hankalinsa ya gushe ya zauna ya ce shi a nan zai kwana. Ya ce sanyi na sa yatsu su zama kamar na wani, kuma da waɗannan yatsun za a ƙulla ƙullin nan. Sai mutum ya iya duban gajimare ya san abin da ke tafe, ya iya duban gangare ya san ko zai riƙe shi. Ya ce mafi wuya shi ne mutum ya ga ƙololuwa kusa, ya duba rana, ya juya.

"Shekara nawa ake yi a koyi wannan duka?"

"Khaulah ta yi kusan goma."

"Kuma ta iya?"

"Ta iya, Makcik. A wasu abubuwan ta fi ni. Ba ta da gaggawa. Sau biyu tana juyowa daga dutse don ba ta yarda da yanayi ba."

"To me ya faru?"

Najib ya daɗe yana naɗe igiya a gwiwar hannunsa. Ya ce, "Ba ta yi kuskure ba. Na tambayi abokiyarta, na tambayi masu ceto. Wurin ya riƙe waɗanda suka wuce kafin su. Su bai riƙe su ba."

Na lura tun daga ranar ta rage tambaya, amma ba ta rage hawa matakala ba. Azumi ya zo ya wuce, tana hawa bayan sallar asuba. Ta rame. Comfort ta tare ni a bakin lifta ta ce, "Baban Khaulah, ka yi mata magana mana, matar nan za ta kashe kanta." Na ce na yi. Ta ce in ƙara. Ban san me zan ƙara ba. Duk lissafin da na iya ya nuna mini ba za ta taɓa kaiwa wurin ba, ita ma ina jin ta sani. Amma akwai ranar da take jira, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ina jiran ranar. Na ɗauka ko ba ta hau ba, za a sauko mana da yarinyar, mu je mu tarye ta a gindin dutsen da zane.

Ta sayi sabon yadi, ta yanka shi gida biyar kamar yadda ake yi wa mace. Ba ta auna ba, ta san tsawon.

A watan Satumba mutumin nan mai nutsuwa ya sake kira. Ya ce an yi zafi sosai a bana, abin da ya zubo duk ya narke, sun koma sun duba. Tsagin da ta faɗa ya haɗe, wurin ma ya gusa daga inda yake. Sun sauka cikin na kusa da shi iya inda igiya ta kai, ba su ga komai ba. Ya ce ba za su sake nema ba, amma sunanta na wurinsu, idan wani abu ya bayyana za a sanar. Na gaya wa Ɗelu kamar yadda ya faɗa.

"Ban gane ba. Ta narke ko ba ta narke ba?"

"Ya ce ta narke."

"To ina yarinyar?"

Na fara bayani da abin da na karanta, na ji kalmomin suna fita ba su da nauyi. Ta ce in bari, gobe Asabar.

Ranar a duwatsun bayan Batu Caves Najib yake koyarwa. Ba ta sa ɗamara ba. Ta jira ya sallami ɗalibansa, muka zauna mu uku a wata rumfa a bakin hanya inda ake sayar da ais kacang, ƙanƙarar da ake gogewa a inji ta zubo kamar gari, a tara ta a kwano a zuba mata madara da jan wake. Rana ta take. Ta maimaita masa tambayar da ta yi mini.

Najib ya nuna kwanon da ke gabanta, wanda tuni ya fara zama ruwa. Ya ce, "Wannan ce ke zubowa daga sama duk shekara, ita ce ke narkewa idan zafi ya zo." Sannan ya nuna injin, inda mai rumfar ya ɗaure wani ƙaton curin ƙanƙara mai sheƙi. "Wannan kuma ita ce a ƙasa. Ba ta shekara ɗaya ba ce. Tun kafin kakanninmu take taruwa, tana danne kanta. A inda Khaulah take, kaurinta ya fi tsawon benenku. Zafi yana lasar samanta ne kawai."

Ɗelu ta tashi ta je wurin injin. Mai rumfar ya matsa mata. Ta ƙwanƙwasa curin da bayan yatsa, kamar yadda take yi tun tana yarinya, ta saurara. Ta dawo ta zauna.

Da Hausa ta yi maganar, ni ta gaya wa. "Dusar ce ta narke, Malam. Dusar suke nufi tun farko."

Na ce, "Haka ne."

Ta juya ga Najib. "Ita ta ƙasan ba ta narkewa ke nan har abada?"

Ya ce tana tafiya, a hankali ƙwarai, tana gangarowa kamar kogin da ya daskare, kuma can a ƙarshenta, a ƙasa, tana narkewa. Abin da ta haɗiye a sama takan fito da shi a can. An sha samun mutane haka.

"Bayan yaushe?"

"Wani shekara ashirin. Wani arba'in, ko fiye. Wani ba a gan shi ba har yanzu. Ba wanda zai iya gaya miki."

Ta riƙa juya cokali a cikin ruwan kwanon. Na san lissafin da take yi, don ni ma shi nake yi. Can ta ce, "Abin da ke cikin ƙanƙara ba ya lalacewa. Wannan na sani."

"Sau da yawa haka ne, Makcik."

"Najib. Boleh?"

Wannan karon bai dube ni ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Tak boleh, Makcik. Ba zai yiwu ba. Ko kin hau, ba abin da za ki tarar sai fari. Ki yafe mini, tun farko ya kamata in faɗa."

Ta ce, "Da ka faɗa ma ba zan ji ba. Sha abinka, ya narke."

Da muka dawo gida ta shiga lifta. Muna tsaye a ciki ta ce in gaya wa liman ya sa rana. An yi sallar bayan Juma'a, Malayawan benenmu da Hausawa suka cika sahu, babu komai a gaban liman sai darduma.

Ranar Lahadi da hantsi ta sauko da jakar daga saman kabad, ta shimfiɗa tabarma a falo, ta ɗauko doguwar matashiya ta kwantar a kai, ta lulluɓe ta da zane. Ta ƙwala wa Afnan kira. Ina zaune a gefe da jarida, ba wanda ya ce in tashi.

Afnan ta fito ta ga abin da ke ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ummi, no. Ba zan iya ba. Tsoro nake ji."

"Ni ma da tsoro na fara. Riƙe butar."

"Me ya sa ni? Akwai Anti Hureira, akwai matan masallaci."

"Hureira mijinta na gama karatu za su koma Zariya. Matan masallaci sa'o'ina ne. Ranar da za a kira a ce an ga yayarki, wataƙila ba ni, ba babanki. Ke za a samu. Zo nan."

Afnan ta zo ta durƙusa. Ɗelu ta nuna mata yadda ake sa hannu a ƙarƙashin zane ba tare da an yaye ba, yadda ake fara tsarki, sannan alwala, sannan ɓangaren dama kafin hagu. Ta nuna mata yadda ake murza magarya a ruwa har ta yi kumfa, da cewa kafur a ruwan ƙarshe yake. Ta ce ganyen jakar a riƙa canza shi duk shekara, yadin kuma a riƙa fito da shi yana shan iska don kada ya yi rawaya. Ta kama hannunta ta koya mata ƙullin, wanda ke kwancewa da ja ɗaya. Afnan tana yi tana share hanci da kafaɗa.

"Za ki same ta da kaya masu nauyi, da takalmi mai ƙarfe. Kada ki ja, ki yanka da almakashi. Ruwan kuma ki ɗan ɗumama shi." Ta tsaya, ta gyara zanen a inda kan yake. "Kitson da ke kanta ni na yi. Ƙanana ne, za su ba ki wuya. Ki zauna ki tsefe su duka, ki wanke gashin, ki kama shi gida uku ki kwantar a bayanta."

Afnan ta ce, "Ummi, lokacin fa na girme ta. Wataƙila ma na tsufa, ita tana nan yadda take."

"Ko da furfura kika je, yayarki ce," in ji Ɗelu. "Ki yi mata a hankali. Ɗauki butar, mu sake daga farko."